Shaidar Hajiya Sala

Ranar addu'ar bakwai ta ƙanena Abdul-Wadud aka ce za a ba ni 'yarsa. Ban roƙa ba, amma ba zan zauna in yi muku ƙarya in ce ban so ba. Na so har cikin ƙashina.

Sunana Sala. A kasuwar Aboabo ta garin Tamale, a Gana, Hajiya Sala mai atamfa ake ce mini. Shekarata hamsin da uku, na yi aure sau biyu, ko ɓari ban taɓa yi ba. A wurinmu Dagomba, 'yar'uwar uba, wadda muke kira piriba, tana da haƙƙi a kan 'yar ɗan'uwanta: ta ɗauke ta, ta raine ta, ta aurar da ita. Ni kaina haka aka yi mini ina shekara shida. Saboda haka da Baba Imoru, ƙanen mahaifinmu kuma babban gidanmu na unguwar Sabonjida, ya tara mu a tsakar gidan da Wadud yake haya a unguwar Dungu bayan malamai sun watse, na san abin da zai faɗa tun kafin ya gama gyara zama.

Ya ce matar mamacin, Latifatu, 'yar zangon Kumasi ce, in ta fita takaba can za ta koma wurin yayanta. Yarinyar kuwa, Suhuyini, jininmu ce, ba za a kai ta kudu ta manta harshen ubanta ba. Sala za ta riƙe ta.

Latifatu tana cikin ɗaki, labule ne kawai tsakaninta da mu. Sai muka ji muryarta.

"Baba, in kuma na zauna a Tamale fa? In na riƙe ɗakin nan, na ciyar da ita, na kai ta makaranta da hannuna?"

Baba Imoru ya dube mu. "Da wane aiki, 'yata?"

"Zan nema, Baba."

"To, in kin samu kafin ki fita takaba, ba mai raba ki da 'yarki. A gaban mutane na faɗa."

Ya faɗa ne don ya sanyaya mata rai, kowa a wurin ya gane. Mace a cikin takaba, wata huɗu da kwana goma ba za ta taka ƙofar gida ba, ina za ta je neman aiki? Kuma mun san Latifatu. Ta yi karatun kwamfuta kam, a makarantar ma suka haɗu da Wadud, amma tun da aka ɗaura musu aure ba wanda ya taɓa ganinta ta rataya jaka ta tafi ofis. Wadud ne injiniyan gidanmu. Shi ne yake zaune a Dungu yana yi wa wani kamfani na Turai aiki ta intanet, kuma duk taron suna ko biki sai Baba Imoru ya nuna shi da sanda ya ce wa baƙi, "Wannan yaron, Turawa ba sa barci sai ya ce su kwanta."

A makon nan na je wurin Tahidu mai walda na ce ya ƙera mini ƙaramin gado na ƙarfe. Na sa aka shafe ɗakin da ke kusa da nawa a Sabonjida da fenti ruwan ƙwai. Sannan na bar shagona a hannun maƙwabciyata, na ɗaure kayana na koma Dungu, don ba a barin mai takaba ita kaɗai, sai da babbar mace a kusa. Na ce wa mutane na je taya ta zama ne. Gaskiyar ita ce na je ne in saba da yarinyar da safe da yamma, ta san hannuna a wanka da kitso, don ranar da za a raba su kukan ya zo da sauƙi.

Abin da ya fara ɓata mini rai shi ne kwamfutar. Matar da mijinta ya faɗi a babur a hanyar Kumasi, ya kwana tara a asibiti bai buɗe ido ba, aka ɗauko gawarsa, ai carbi ya kamata a gani a hannunta. Ita kuwa tana idar da sallar asuba, ta yi 'yan addu'o'inta, sai ta jawo laftof ɗin Wadud ta ɗora a kan teburin cin abinci. Daga nan sai ƙas-ƙas-ƙas har azahar. A asibiti ma haka ta yi. Ni ina gefen gadonsa ina goge masa baki, ita tana baranda a kan benci da laftof a cinya, tana kuka tana dannawa. Tun a lokacin na riƙe ta a zuciya.

Wata safiya a mako na uku na kai Suhuyini makaranta a keken haya mai ƙafa uku da muke kira yalo-yalo, na dawo da koko da ƙosai. Na zo ajiye mata kofi ke nan idona ya faɗa kan allon kwamfutar. Hoton Wadud ne, sanye da shuɗiyar rigar saƙi, batakarin da na saya masa da ƙaramar salla. A ƙarƙashin hoton ga sunansa. Na yi firamare har aji shida, sunan ƙanena ba zai gagare ni karantawa ba. Ina tsaye rubutu ya fito kusa da hoton, can wani ya amsa, sai wani rubutun ya sake fitowa daga wurinsa.

Na ajiye kofin.

"Latifa, wa ke magana da sunan Wadud?"

Ta janye hannunta daga kan madannai. "Ni ce, Hajiya."

"Mutumin da muka binne? Ba su san ya rasu ba?"

"Ba su sani ba."

Na zauna. Ta rufe laftof ɗin, ta juyo, ta yi mini bayani ba tare da ta ɗaga kai ba. Kamfanin yana wani gari mai tashar jiragen ruwa a Holan. Aikinsu bin sawun kayan da ake lodawa a jirgi, kuma akwai manhajar da ke yin wannan a kwamfuta. Rubutun da ke sa manhajar ta yi aiki, wani sashe nasa daga teburin nan yake fita, yau shekara biyar. Lokacin da suka fara neman aikin tana da tsohon cikin Suhuyini. Wadud ne mai fasfo, shi ne mai baki, Turanci a bakinsa kamar ruwan famfo, sai ya buɗe shafin neman aiki da sunansa da hotonsa. In za a yi magana da murya, shi ne. In za a yi aikin, ita ce.

"Da mun ce na wata shida ne, in na haihu sai in buɗe nawa," in ji ta. "Sai suka saba da sunan. Sai muka ji tsoron taɓawa."

"Wato ƙanena bai iya komai ba ke nan? Abin da kike faɗa mini ke nan, kabarinsa ko bushewa bai yi ba?"

"Ban ce haka ba, Hajiya."

"To me ya hana ki gaya musu ya mutu?"

"Kwana uku da binne shi suka aiko cewa wani abu ya lalace. Na ce bari in gyara wannan kawai, sannan in faɗa. Sai wani ya biyo baya." Ta share ido da bakin hijabinta. "Kuma in na gama, sai su rubuto, 'Wadud, sannu da aiki.' Nan kaɗai ya rage a duniya da ake kiran sunansa a amsa."

Na tashi na fita tsakar gida na kama wanke-wanken da ba nawa ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma abin da ya fi ɓata shi, na san ba ƙarya ta yi ba. Na raini Wadud bayan rasuwar mahaifiyarmu. Yaron nan ko a masallaci ba ya iya zama wuri ɗaya. Kullum da hantsi yana shagona da Suhuyini a gaban babur, yana shan shayina, yana tsokanar masu sayen atamfa har su sayi abin da ba su zo saya ba. In na ce, "Kai, Turawanka fa?" sai ya yi dariya ya ce aiki na tafiya. Ashe kuwa yana tafiya. Shekara biyar ban taɓa tambayar kaina yadda yake tafiya ba, saboda amsar ba za ta yi mini daɗi ba.

Bayan kwana biyu Latifatu ta nuna mini wani abu. Tun daga ranar addu'ar bakwai take neman aiki da sunanta na gaskiya, kullum bayan la'asar. Ta aika wa kamfanoni sun fi arba'in, na Turai, na Kenya, na Akra. A irin aikinsu, in ji ta, ba takardar makaranta ake dubawa ba, cewa ake yi nuna mana abin da ka gina. Ita kuwa duk abin da ta gina sunan wani ne a kai. A idonsu mace ce da ta gama makaranta ta kwanta barci shekara shida. Ta karanta mini wasu amsoshin. Kowace da godiya take farawa. Ban taɓa ganin mutanen da suka iya gode wa mutum kafin su kore shi kamar waɗannan ba.

Allah ya yafe mini, ina jin amsoshin nan ina jin sanyi a raina. Kowace ɗaya tana matso mini da yarinyar.

Wata na uku ya kama, sai ga saƙo daga shugaban sashensu, wani Elorm, ɗan Gana ne daga yankin Bolta da ya daɗe a can. Ya ce kamfani ya yanke shawarar ɗaukar Wadud aiki na dindindin, yana zaune a gidansa a Tamale. Sai dai dole a yi magana ta bidiyo, a ga fuskarsa tare da fasfonsa.

Latifatu ta karanta mini, ta zauna tana kallon bango. Aikin da za ta nuna wa Baba Imoru ne ya zo har ɗaki, amma da sunan wanda ke kwance a maƙabarta.

"Me za ki yi?" na tambaye ta.

"Zan faɗa musu."

"Za su kore ki."

"Na sani. Amma na gaji da zama shi, Hajiya."

Ta rubuta, ta haɗa da hoton takardar shaidar mutuwa, ta aika. Kafin la'asar sun rufe shafin. Ta danna, ta sake dannawa, ƙofa ta ƙi buɗuwa, hoton Wadud da batakarinsa ya ɓace. Ranar ce na ga ta yi kukan da na so in gani a asibiti, ta kife a kan tabarma kamar yau aka kawo mata labarin. Na riƙe ta. Ban san ko don ita na yi ba ko don shi.

Kwana shida ba labari. Gidan ya yi tsit, ba ƙas-ƙas, har na ji ina kewar ƙarar. A rana ta bakwai Elorm ya rubuto. Ya yi ta'aziyya. Ya ce manyansa sun fusata, amma ya roƙa an ba shi dama ya yi magana da ita sau ɗaya, ranar Alhamis bayan azahar, da kyamara a buɗe.

Ranar Laraba na ce zan leƙa shago, na hau yalo-yalo na wuce Sabonjida. Tahidu ya kawo gadon tun makon jiya, an shigar da shi ɗakin. Ya yi masa farin fenti, ya lanƙwasa ƙarfen wajen kai ya yi masa 'yar fulawa, abin da ban ce ya yi ba. Na zauna a bakinsa na shafa sabuwar katifar da ko leda ba a cire mata ba. Daga nan na tafi zauren Baba Imoru da magana a bakina. Ba sai na yi ƙarya ba. In ce kawai, mai takaba za ta buɗe fuska gobe ta yi hira da baƙon namiji a kwamfuta, kuma wata biyu tana yawo da sunan mamaci. Shi ke nan. A ranar zai aiko a ɗauke laftof ɗin.

Na durƙusa na gaishe shi, yana tambayar gida da jiki da kasuwa ina amsa "Naa, naa." Ya tambayi mai takaba, na ce tana haƙuri. Sai ya kama zancen Wadud, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce gidanmu manoma ne da 'yan kasuwa tun kakanni, Allah ya ba mu mai ilimi guda ɗaya, ya kuma karɓe abinsa. Ya ce, "Sala, ke kika raine shi, ladan naki ne."

Na buɗe baki, na rufe. Kada ku ɗauka kirki ne ya hana ni. In na faɗi rabin maganar, zai tambayi sauran rabin, ni kuwa ban shirya in gaya wa tsohon nan wane ne injiniyan gidansa ba. Na yi masa sallama na koma Dungu ban yanke komai ba.

Ranar Alhamis Latifatu ta yi sallar azahar, ta sa farin hijabinta na takaba, ba kwalli ba hoda, ta zauna gaban laftof. Ni na shimfiɗa tabarma a gefe inda kyamara ba ta kai ba, da carbina. Ba zan bar matar ƙanena ta keɓe da baƙon namiji ba, ko da kuwa yana bayan teku.

Elorm ya fito a allon, baƙi, mai furfura kaɗan a gemu, da tabarau. Suka gaisa da Turanci. Ya ba ta wani aiki ya ce ta yi yana kallo. Da farko sai da ta goge abin da ta rubuta sau biyu. Can sai na ji ƙarar nan ta dawo daidai, ƙas-ƙas-ƙas, wadda na sani tun daga barandar asibiti. Ya yi tambaya, ta amsa. Ya sake yi, ta amsa har da ɗaga hannu tana nuna masa wani abu. Ban taɓa jin Latifatu ta yi magana mai tsawo haka ba. A gidanmu in an tara mata, ita ce mai miƙa ruwa ta koma gefe.

Sun kai kusan awa ɗaya. Sai ya cire tabarau ya murza ido, ya yi magana a hankali. Na ga kafaɗunta sun sauka. Turancina na kasuwa ne, amma na tsinci abin da yake nufi, daga baya kuma ta cike mini sauran. Ya ce ta iya aiki, wannan ba gardama. Amma ba shi ne tambayar manyansa ba. In ita ce take yi tun shekara biyar, to hannunta suka sani, sunan ne kawai ba daidai ba, kuma zai iya tsaya mata. In kuwa bayan rasuwar ta ɗauka, to baƙuwa ce da ta shiga gidansu da makullin mamaci. Kuma ba shi da yadda zai bambance, tunda komai da sunan mutum ɗaya ya zo.

"Ba ni da shaida," in ji ta. "Mu biyu ne muka sani, ɗaya ya tafi."

A nan ne tari ya sarƙe ni. Wallahi ba da gangan ba.

Ya tambaya ko akwai wani a ɗakin. Ta ce yayar mijinta ce, ta yi masa bayanin takaba a taƙaice. Ya gyaɗa kai, ya ce mahaifiyarsa ma ta yi irin nasu zaman lokacin da babansa ya rasu. Ya roƙa a ba shi dama ya yi mini ta'aziyya. Latifatu ta dube ni. Na gyara mayafi, na matso.

"Hajiya, sannu da haƙuri," ya ce, da Hausa. "Allah ya jiƙan shi. Ni a barikin soja na Tamale na girma, babana soja ne. Ka yi haƙuri paa."

Hausar bariki ce, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, amma ta shige ni fiye da ta malamai. Na amsa masa.

"Hajiya, kai babba ne, ba zan ɓoye maka ba. Ina son in taimaki wannan mata, amma ina tsoro. Kai ka san gidan. Aikin nan, wa yake yi?"

Latifatu ba ta dube ni ba. Ta sunkuyar da kai, ta haɗa hannuwanta a cinya. Ta san gadon, Suhuyini ta gaya mata tun ranar da na kai ta wurin Tahidu ta gani. Ba ta roƙe ni da ido ba, kuma wannan ya fi mini ciwo.

Ba sai na yi ƙarya ba a nan ma. In ce ni 'yar kasuwa ce, ban san kwamfuta ba. Gaskiya ce tsantsa, kuma ta ishe ni. Na ga ɗakin nan mai fenti ruwan ƙwai. Na ga kaina ina tashin yarinya da asuba, ina ɗaura mata ɗankwali, wani yana tambaya a kasuwa in ce 'yata ce. Shekara talatin ina jiran in faɗi kalmar nan. Sai kuma na tuna tawa uwar. Bayan an kai ni wurin piribata, sai da salla nake ganinta. In na je sai in durƙusa in gaishe ta kamar baƙuwa, ita kuma ta rasa abin da za ta ce mini, sai ta yi ta cika mini kwano da nama. Piribata ba ta taɓa cutar da ni ba. Amma har uwata ta mutu ban san irin dariyarta ba.

"Ɗana," na ce, "kana da ranakun da aka yi muku aiki a rubuce?"

"Kowane ɗaya, Hajiya, da rana da lokaci."

"To duba. Ƙanena ya faɗi ranar Litinin, mako guda bayan babbar salla. Daga ranar har Laraba ta mako na gaba yana kwance da roba a hanci, ko yatsa bai motsa ba. Ni ce a gefensa. A kwanakin nan an yi muku aiki ko ba a yi ba?"

Ya mayar da tabarau, ya juya gefe yana dubawa. Ya daɗe. Da ya juyo muryarsa ta canza.

"A wannan mako komai namu ya tsaya. Shi ya tashe mu."

"Ba shi ba ne. Ita ce, a kan bencin asibiti, ni kuma ina zaginta a zuciyata. Ka koma baya kuma. Duk ranar da ka ga an yi aiki da hantsi, ƙanena yana shagona a Aboabo yana shan shayi, rabin kasuwa shaida ne. Shekara biyar. Sai dai kada ka ce masa ɓarawo. Shi ke goyon yarinya, shi ke cefane, shi ke kwashe ta ya kawo mini don uwarta ta samu shiru ta yi muku aiki. Nasa aikin ke nan, kuma ya iya shi. Kuskurensu sunan ne. Ka gyara sunan."

Ya ce, "Na ji, Hajiya. Na gode."

Na koma kan tabarmata. Suka ƙarasa da Turanci, ta rufe laftof. Ta taso ta durƙusa a gabana za ta yi magana, na ce ta tashi ta ɗora ruwa, lokacin ɗauko yarinya ya yi.

Bayan kwana goma takarda ta zo. Sun ɗauke ta, da gwajin wata uku, an kuma rubuta mata gargaɗi a kan abin da ya wuce. A saman takardar an rubuta Latifatu Zubeiru. Ta sa yatsa a kan sunan ta bar shi a wurin.

Ni na kai wa Baba Imoru labarin, don ba wanda ya isa ya kai sai ni. Na faɗa masa duka, har da shayin. Ya saurare ni har ladan ya kira la'asar. Sannan ya jawo sandarsa ya ce, "Na yi magana a gaban mutane." Tun daga ranar ban sake jin ya ce injiniyan gidanmu ba, kuma in na gaishe shi yana amsawa ne yana kallon wani wuri.

Ranar da Latifatu ta fita takaba aka yi sadaka, ta yi wanka, ta sa atamfar da na zaɓo mata da kaina. Washegari na ɗauki hayar motokin, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, aka ɗora gadon da katifarsa, na zauna a baya ina riƙe da ƙarfen har Dungu. Suhuyini ta fito da gudu.

"Piriba, wannan ai gadona ne na gidanki!"

"Naki ne. Nan zai zauna."

Latifatu ta tsaya a bakin ƙofa. Da masu ɗauka suka shige da shi, ta matso kusa da ni ta rage murya.

"Hajiya, da kin bar shi a can. Duk Juma'a sai in kawo ta ta kwana, ki dawo da ita Lahadi. Ita ma tana so."

Na dube ta. Da zuciya ɗaya ta faɗa, na gani.

"A'a, Latifa. Ki kawo ta shago da rana, kamar yadda ubanta yake yi. Amma kada ki bar ta ta kwana a gidana."

"Don me, Hajiya?"

"Na san kaina. In ta kwana ɗaya, ba zan dawo miki da ita ba."

Mai motokin ya ce zai koma gari, ko zan bi shi. Na ɗauko ƙullin kayana na wata huɗu na hau. A Sabonjida na tarar an bar ƙofar ɗakin a buɗe, ƙafafun gadon sun bar tabo huɗu a kan sabon siminti. Na ɗauko tsintsiya na share, tabon bai fita ba. Na jawo ƙofar na rufe, na je na ɗora tuwon mutum ɗaya.